Abin da waƙar manyan dabbobin teku ke bayyanawa

Masana kimiyya sun gano cewa ƙatuwar dabbar tekun nan da ake kira wel na rera waƙa har a wuraren da take kiwo, saɓanin abin da aka daɗe ana zato.

Mutane da dama na ɗaukar dabbar a matsayin kifi saboda siffarta, alhali iska take shaƙa, kuma tana shayar da 'ya'yanta nono.

Nau'in da ya fi shahara da waƙa shi ne mai doro, wanda tsawonsa kan kai mita 15.

Daga watan Yuli zuwa Oktoba, lokacin da manoman Gaya da Ajingi a jihar Kano ke tsakiyar aikin damina, waɗannan dabbobi kan zo Mashigin Tekun Gini, daga gaɓar Gabon zuwa ta Najeriya da Benin, domin barbara da haihuwa.

Daga nan sai su nufi kudu, tafiyar dubban kilomitoci, zuwa ruwa mai sanyi na yankin Antatika, inda suke cin wasu ƙananan halittu masu kama da jatan lande da ake kira kiril.

Waƙa da kira

A shekarar 1971 ne Roger Payne da Scott McVay na Amurka suka nuna cewa sautin da dabbar ke yi yana da tsari, tana jera shi kashi-kashi tana maimaitawa.

Maza ne kaɗai ke wannan waƙa, kuma mazan yanki ɗaya kusan waƙa iri ɗaya suke yi, tana sauyawa sannu a hankali daga shekara zuwa shekara.

Baya ga waƙar, akwai gajeren kira da maza da mata ke yi. A gaɓar Alaska, dabbobin kan kewaye garken ƙananan kifaye da kumfar iska, sai a ji wata ƙara mai tsawo kafin su auka musu gaba ɗaya.

Da farko an ɗauka waƙar ta wurin barbara ce kawai. Amma a 2004 Christopher Clark da Phillip Clapham suka ba da rahoton jin ta kwanaki a jere a wani wurin kiwo da ke arewa maso gabashin Amurka.

Binciken da ya biyo baya a yankin ya nuna cewa an fi jin ta sa'ad da dabbobin suka iso, da kuma dab da tafiyarsu. A tsakiyar lokacin kiwo kuwa sai ta ragu.

Shekarun shiru

Masana na Cibiyar Alfred Wegener ta Jamus sun yi nazarin sautin da na'urori suka naɗa a ƙarƙashin ruwa a wurare 13 kudu da Tekun Atilantika tsakanin 2011 da 2018.

Sun gano cewa an fi yin waƙar a watan Mayu, daidai lokacin da ƙanƙara ke fara rufe teku.

Sun kuma ji waƙoƙi iri biyu, abin da ya sa suke ganin dabbobi daga wuraren haihuwa daban-daban na haɗuwa a makiyaya ɗaya, inda mai yiwuwa suke koyon waƙa daga juna.

Sai dai a 2015 da 2016, shekarun da ɗumamar ruwan Tekun Pasifik da ake kira El Nino ta dagula yanayi, kusan ba a ji ɗuriyarsu a yankin ba. Masanan na danganta hakan da ƙarancin kiril.

Wannan na da muhimmanci ga Afrika ta Yamma, domin dabbobin ba su cika cin abinci a wurin haihuwa ba. Kitsen da uwa ta tara a kudu da shi take tafiya, da shi take shayar da ɗanta.

Hayaniyar neman mai

Sauti na tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya cikin ruwa, fiye da ninki huɗu na saurinsa a iska. Shi ya sa dabbobin suka fi dogara da ji a kan gani, kuma hayaniya ke damunsu.

Wani bincike da Salvatore Cerchio ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2014, ya nuna cewa yawan masu waƙa a gaɓar arewacin Angola na raguwa idan ƙarar na'urorin neman man fetur a ƙarƙashin teku ta ƙaru.

Hukumar kula da farautar wel ta duniya ta dakatar da farautar dabbar don kasuwanci tun 1986, kuma yawan mai doro ya farfaɗo a wurare da dama.

Yanzu masana na amfani da lokutan waƙar wajen sanin watannin da dabbobin ke wani yanki, bayanin da zai taimaka wa ƙasashe masu haƙar mai a teku, irin su Najeriya da Gabon da Angola, wajen tsara lokacin ayyuka masu ƙara.