Doktora a kan sake tsirar da ƙashi da gyaran haƙori: me ake bincike, wa zai iya nema?

Ƙashin da ya karye yana haɗewa da kansa idan an ɗora shi daidai. Amma idan guntun da aka rasa ya yi girma, jiki ba ya iya cike gurbin. Haƙori ya fi haka wuyar sha'ani: farin ɓawonsa ba ya sake tsirowa, domin ƙwayoyin halittar da suka gina shi suna ɓacewa da zarar haƙorin ya fito. Waɗannan matsaloli biyu su ne tushen wani fannin bincike da jami'o'i ke ɗaukar ɗaliban doktora a kansa.

Fannin yana da tarihi. A 1965 likita Marshall Urist na Amurka ya nuna cewa a cikin ƙashi akwai sinadarin da ke sa sabon ƙashi ya tsiro. A wannan shekarar ce kuma Per-Ingvar Brånemark ya dasa wa mutum na farko turakun ƙarfen titaniyom a muƙamuƙi a ƙasar Suwidin, bayan ya lura cewa ƙashi na manne wa wannan ƙarfe. A shekara ta 2000 masu bincike a Amurka suka gano ƙwayoyin halitta na asali a cikin tsokar da ke tsakiyar haƙori, daga baya aka same su har a haƙoran da yara ke famfara. Yau yawancin ayyukan doktora suna kewaya tambaya ɗaya: yaya za a haɗa irin waɗannan ƙwayoyi da wani abu mai ramuka kamar soso, a sa a gurbin, jini ya ratsa shi, ƙashi ya gina kansa? Shigar jinin ita ce babbar matsala. Inda jijiyoyin jini ba su kai ba, ƙwayoyin mutuwa suke yi.

Ga Nijar, maganar ta shafi cutar noma, wadda ba ta da alaƙa da aikin gona sai kamancin suna. Tana farawa daga dasashi, galibi ga yara ƴan shekara 2 zuwa 6 masu fama da tamowa, ta ci kunci da leɓe har ta kai ga ƙashin muƙamuƙi. Ƙungiyar Sentinelles tana kula da irin waɗannan yara a Damagaram, akwai kuma asibitin noma a Sakkwato tun 1999. A watan Disamba na 2023 hukumar lafiya ta duniya OMS ta sanya cutar cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Wanda ya tsira da babban rauni, wani lokaci sai an yanko ƙashi daga ƙugunsa ko ƙafarsa a gyara fuskar, wato tiyata biyu a jiki ɗaya. Duk binciken da zai rage wannan wahala yana da amfani kai tsaye a nan gida.

Ba likitocin haƙori kaɗai ake nema ba. Mai mastar 2 a ilimin halittu, kimiyyar sinadarai, haɗa magunguna ko injiniyancin kayan aiki yana iya shiga. A Faransa akwai ɗakunan bincike na Inserm kamar RMeS a Nantes da BioTis a Bordeaux, inda doktora ke ɗaukar shekara 3 bisa kwantiragi mai albashi. Sai dai tun da ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe a farkon 2024, batun biza ya ƙara tsauri, don haka yana da kyau a duba wasu ƙofofin. Shirin Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai buɗe yake ga ɗan kowace ƙasa, ana sanya gurabensa a shafin Euraxess, da sharaɗin kada mai nema ya zauna fiye da wata 12 cikin shekara 3 da suka wuce a ƙasar da za ta karɓe shi. Cibiyar TWAS na tallafa wa ɗaliban ƙasashe masu tasowa su yi doktora a wata ƙasa mai tasowa, OWSD kuma mata take ɗauka.

Abin da ya fi kayar da masu nema daga ƙasashen da ke aiki da Faransanci shi ne Ingilishi, domin da shi ake rubuta kusan duk sakamakon binciken, sai kuma rashin gogewa a ɗakin gwaji. Malamin da zai jagoranci aikin yana son ganin cewa ɗalibi ya taɓa renon ƙwayoyin halitta ko yanka nama don dubawa a madubin likita, ko da na wata 6 ne lokacin mastar. Guraben da ke da kuɗi a Faransa galibi ana tallata su ne tsakanin Maris da Yuni, karatu ya fara a Oktoba, saboda haka wasiƙar farko zuwa ga malamin ta kamata ta tafi tun farkon shekara.