Idan Ɗalibi Ya Yanke Jiki Ya Faɗi, Me Malam Zai Yi?

Duk wanda ya yi firamare ko sakandare ya san abin da ake yi idan yaro ya faɗi a wajen taron safe. A kinkime shi a kai inuwa, a yayyafa masa ruwa, a yi masa fifita da littafi, wani ma ya nemo albasa a shaƙa masa. Yawanci yakan farfaɗo, domin suma ce ta yunwa ko zafin rana. Tashin hankalin shi ne ranar da zuciya ce ta tsaya. Ran nan ruwa da fifita ba su da wani amfani, ga shi ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 idan jini bai kai mata ba. Kafin likita ya iso an makara. Malami ne a kusa.

Masu kallon ƙwallo ba su manta da Christian Eriksen na Denmark ba, wanda ya faɗi ana tsakiyar wasa da Finland a watan Yunin 2021. A nan filin aka shiga danna masa ƙirji, aka sa masa na'urar farfaɗo da zuciya, ya rayu har ya koma taka leda.

Ga yadda aikin yake. Ka dafa kafaɗarsa ka kira shi da ƙarfi. In bai motsa ba, kuma ba ya numfashi yadda aka saba, to a tura wani ya kira 112 ko ya nemo mota. Kada shaƙuwa ko gurnani jefi-jefi su yaudare ka, wannan ba numfashi ba ne. Kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ka ɗora tushen tafin hannunka a tsakiyar ƙirji, ka riƙa dannawa sau 100 zuwa 120 a minti. Ga babba zurfin ya kai santimita 5, ga ƙaramin yaro kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirjinsa. Bayan dannawa 30, a hura masa iska sau 2 ta baki. Ga yara hura iskar na da muhimmanci ƙwarai, domin sau da yawa numfashi ne ke fara ɗaukewa, kamar wanda ya nutse a ruwa ko abu ya maƙale masa a maƙogwaro.

Bincike a ƙasashe da dama ya nuna yawancin malamai ba su iya wannan ba, amma suna son koyo. Sai dai ko wanda ya iya, tsoro kan riƙe masa hannu. Wani yana gudun ya karya haƙarƙari, alhali ƙashi yana warkewa. Wani yana gudun in yaron ya cika a ce shi ne sila, a kai shi ofishin 'yan sanda. Malami namiji kuma yana nauyin taɓa ƙirjin ɗaliba budurwa. Wannan kunya ba abin raini ba ce, shi ya sa ya kamata kowace makarantar mata ta sami malamai mata da aka horar. Amma in babu mace a kusa, wanda ke wurin ya fara.

Tun 2005 Denmark ta wajabta koyar da wannan a makarantu. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta goyi bayan a riƙa koya wa yara daga shekara 12, awa 2 kacal a shekara. A Najeriya ƙungiyar agaji ta Red Cross tana ba da horon taimakon gaggawa. A taron iyaye da malamai na gaba, bayan an gama maganar kuɗin makaranta, iyaye su tambayi shugaban makaranta malamai nawa ne suka taɓa gwada danna ƙirji a jikin mutum-mutumin horo.