Haskaka Layukan Jadawali: Yadda Ido Ke Gane Hanya a Tsakanin Alkaluma

Duk wanda ya taɓa ganin akawu yana duba babban littafin rajista zai lura cewa ba ya rabuwa da rula. Yakan aza ta ƙarƙashin sunan mutum, sannan ya bi ta da ido har bakin shafi, don kada ya ɗauki alkalamin wani ya bai wa wani. Zuwan na'ura mai ƙwaƙwalwa bai kawar da wannan matsala ba, sai ma ƙara mata girma da ya yi.

Jadawalin lissafi na kwamfuta ya ƙunshi layukan kwance masu lambobi da layukan tsaye masu haruffa. Inda biyun suka haɗu shi ne gurbi, kuma a nan ake rubuta alkalami ko ƙa'idar lissafi. Manhajar VisiCalc, wadda Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar a 1979, tana da layukan kwance 254 da na tsaye 63. Daga shekarar 2007 kuwa, shafi guda na Excel yana ɗaukar layukan kwance 1,048,576 da na tsaye 16,384. Jadawali ya faɗaɗa, amma idon ɗan Adam yana nan yadda yake.

Dalilin ɓatan ido

A tsakiyar tantanin gani da ke can bayan ƙwayar ido akwai wani ɗan wuri da ke gani tar. Faɗin abin da yake iya kamawa a lokaci guda bai wuce faɗin babban yatsa ba idan mutum ya miƙe hannunsa. Saboda haka ido ba ya tafiya sumul a kan layi. Tsalle-tsalle yake yi daga wannan wuri zuwa wancan. A cikin rubutun zube, ma'anar jimla takan sanar da mai karatu idan ya kauce. A cikin jadawali kuwa alkaluma duk kamarsu ɗaya, kuma 67 da ke layi na 40 ba ta da wata alama da za ta bambanta ta da 67 da ke layi na 41. Idan malami yana shigar da makin ɗalibai 300, tsallen layi ɗaya ya isa ya kayar da wanda ya ci, ya ɗaga wanda ya faɗi.

Dabarun da ake bi

Tun zamanin manyan kwamfutoci aka gane haka, shi ya sa ake buga sakamako a kan takarda mai ratsin kore da fari. Ana yin irin wannan ratsi a jadawalin yau ta hanyar gindaya sharaɗin launi. Ƙa'idar =MOD(ROW(),2)=0 tana umurtar kwamfuta da ta raba lambar kowane layi da 2; idan babu saura, sai ta shafa masa launi. Ta haka layi na 2, da na 4, da na 6 za su yi launi, sauran su zauna fari.

Dabara ta biyu ita ce kafe layin kanun bayani da layin sunaye, wato abin da Excel ke kira Freeze Panes. Ko mai aiki ya gangara zuwa layi na 5,000, kanun na nan a sama suna nuna masa ma'anar kowane alkalami.

Ta uku ita ce haskaka layin da ake aiki a kansa. Danna maɓallin Shift tare da dogon maɓallin tazara yana zaɓen layin kwance gaba ɗaya, Ctrl da maɓallin tazara kuma suna zaɓen na tsaye. A 2024 kamfanin Microsoft ya ƙara wa Excel wata dama mai suna Focus Cell, wadda ke shafa launi a layin kwance da na tsaye na gurbin da aka taɓa, tamkar an gicciya rula biyu a kan shafi.

Darasi daga Amurka

A 2010 masana tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, sun wallafa bincike a kan ƙasashe 20 masu arziki. Sun ce idan bashin gwamnati ya haura kashi 90 cikin 100 na abin da ƙasa ke samarwa a shekara, tattalin arzikinta kan ja baya da kashi 0.1 cikin 100. 'Yan siyasa a Turai da Amurka sun kafa hujja da wannan wajen tsuke bakin aljihun gwamnati.

A 2013 wani ɗalibin Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, ya samu ainihin jadawalin. Sai ya ga ƙa'idar matsakaici ta tsaya a layi na 44 maimakon na 49, ta bar ƙasashe 5 a waje: Ostareliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmak. Shi da malamansa biyu sun kuma nuna wasu matsaloli na zaɓen alkaluma da yadda aka auna su, waɗanda tasirinsu ya fi na tsallake layukan. Da aka gyara duka, sai sakamako ya koma bunƙasa ta kashi 2.2 cikin 100. Abin lura shi ne, danna maɓallin F2 a kan gurbin ƙa'ida yana zagaye layukan da ta ƙunsa da launi, ta yadda ido zai ga waɗanda aka bari a waje.

Hattara da launi

Kome ya yi yawa ya ɓaci. Jadawalin da aka cika da launi kala-kala ya fi fari rikitarwa, don haka launi mai haske guda ɗaya ya wadatar. A kuma guji dogaro da ja da kore kaɗai, domin akwai mutane, galibi maza, da ba sa iya bambanta su. Haka nan launin da aka shafa da hannu layi-layi kan hargitse idan aka ƙara sabon layi a tsakiya, amma wanda ƙa'ida ta shafa yakan gyara kansa.

Launi ba ya gyara lissafin da aka yi ba daidai ba. Aikinsa shi ne ya riƙe ido a kan layin da ya dace, kamar yadda rular akawu ke yi. Dubawa ta biyu kafin a sa hannu tana nan a wuyan mai aikin.