Yadda Ake Kama Ƙwayar Cutar da ke Cinye Magani

Yau zancena kan ƙwayoyin cutar hanji ne, irin su Klebsiella, da suka fara gagarar meropenem, allurar da likita ke ajiyewa sai sauran magunguna sun kasa. Makaminsu wani sinadari ne, kamar KPC ko NDM, mai farfasa maganin.

A ɗakin gwaji, ana jiƙa ɗan faifan takarda mai meropenem cikin ruwan ƙwayar na awa 4, sannan a ɗora shi kan E. coli marar juriya, ya kwana. In ta tsiro har bakin faifan, to an cinye maganin, dole likita ya canza dabara.

Don Allah mu daina shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba izinin likita. Da hannunmu muke horar da su.