Kafin a Sayi Sabuwar Sensar Salansa

Wutar cek ta kama, mota ta fara zuƙar mai fiye da yadda aka saba. A kai ta gareji, a jona kwamfuta, lamba ta fito: P0171. Bakanike ya duba ya ce, "Alhaji, sensa ce ta mutu." A sayo sabuwa a ɗaura, a goge lambar, bayan 'yan kwanaki wutar ta dawo inda take. Wannan ya zama ruwan dare ga masu akori-kura irin na Amurka da ake shigo da su ta Kwatano da Legas, su Chevrolet Silverado da Ford F-150, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 asarar ta zama biyu: kuɗin sensa sun tafi, shan mai yana nan.

Injin fetur yana son iska da mai su haɗu bisa ma'auni, kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur a nauyi. Sensar da ake magana a kanta tana ɗaure ne a jikin salansa, aikinta ta auna ragowar iskar oksijin da ta fito cikin hayaƙi bayan mai ya ƙone. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya ƙera ta, Volvo ta fara sa ta a mota a 1976. Idan oksijin ta yi yawa a hayaƙi, wato mai ya yi kaɗan, sai ta aika wa ƙwaƙwalwar mota wuta 'yar kaɗan, wajen volt 0.1. Idan mai ya yi yawa sai ta aika wajen 0.9. Ƙwaƙwalwa na jin haka ta ƙara mai ko ta rage. Kamar mai ɗanɗana miya ce a gefen tukunya: idan ta ce gishiri bai ji ba, wataƙila harshenta ne ya lalace, amma ya fi yiwuwa gishirin ne da gaske bai ji ba. Abin da P0171 ke faɗa ke nan, cewa mai ya yi kaɗan a ɓangare na ɗaya na injin. Ba ta ce sensa ta mutu ba.

Tun 1996 Amurka ta wajabta wa ƙananan motoci da akori-kura tsarin OBD-II, shi ya sa kowaccensu ke da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari. Manyan motocin dizal irin tirela da tifa lamarinsu daban ne, ba su wannan bayani ya shafa ba. Lambobin da suka fi kusa da sensar kanta su ne P0130 zuwa P0135: P0133 na nufin ta yi nawa wajen amsawa, P0134 ba ta motsi sam, P0135 kuwa abin ɗumama ta ne ya sami matsala. A allon kwamfuta za a ga an rubuta B1S1 ko B2S2. B1 shi ne ɓangaren da silinda ta ɗaya take, S1 sensar da ke gaba kusa da inji, S2 wadda ke bayan matatar hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi. Injin V8 yakan ɗauki sensa huɗu, kuma ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba a kan cire lafiyayya a bar marar lafiyar saboda rashin sanin wane ɓangare ne B1.

Kwamfutar da ke karanta lamba tana kuma iya nuna abin da injin ke yi a daidai lokacin da yake aiki, kuma nan ne aikin yake. Ko ƙaramar na'urar nan ta ELM327 da ake haɗawa da waya tana yi. A bar mota ta yi zafi sosai, domin sensar ba ta fara magana sai ta haura digiri 300 a ma'aunin Salshiyos. Idan allo ya nuna CL, ƙwaƙwalwa ta fara sauraron sensa; idan yana kan OL, ba ta fara ba tukuna. Sai a riƙe totur wajen juyi 2,500 a minti a zuba wa B1S1 ido. Lafiyayya ba ta zama wuri ɗaya, za ta riƙa hawa sama da 0.8 tana sauka ƙasa da 0.2, wajen sau ɗaya a daƙiƙa ko fiye. Wadda ta tsufa takan yi ta jan jiki tsakanin 0.4 da 0.6. A taka totur da ƙarfi lokaci guda, ya kamata ta yi tsalle zuwa 0.9, a saki, ta faɗo kusan 0.1. A zare wani ƙaramin tiyon iska na kan inji, nan take ya kamata ta faɗi ƙasa. Sensar da ta amsa waɗannan gwaje-gwaje da sauri, ko da ta maƙale a ƙasa lokacin da mota ke sulo, gaskiya take faɗa.

To idan gaskiya take faɗa, ina ɓarnar take? Layi biyu ne a allon ke nuna hanya, STFT da LTFT. Na farko gyaran da ƙwaƙwalwa ke yi yanzu-yanzu ne, na biyu wanda ta koya ta riƙe tsawon lokaci. Idan lambar tana da alamar ƙari, mai ake ƙarawa. Idan alamar ragi ce, ragewa ake yi. A haɗa su biyun. In jimillar ba ta wuce kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa ba, babu abin damuwa. In ta kai 20 ko 25, sai a kwatanta sulo da juyi 2,500. A ce a sulo ana ganin ƙari 22, da aka taka totur ya sauko zuwa 5. Wannan iska ce ke sata ta shiga ta wani tsagaggen tiyo ko gasket ɗin da ya saki, domin a sulo iskar da injin ke ja kaɗan ce, 'yar ɓarakar sai ta yi tasiri, da an buɗe totur kuma sai ta ɓace cikin yawa. In kuwa akasin haka ne, a sulo lafiya lau amma lambar na hawa idan mota ta ɗauki kaya ko ta kama hawa, to mai ne ba ya isowa: famfon mai ya yi sanyi, ko matatar mai ta toshe, ko nozul sun yi datti. Ko kuma na'urar auna iskar da ke bayan iyakilina ce ta sha ƙura, abin da ba baƙo ba ne ga motar da ta yi hunturu a hanyar Katsina zuwa Maraɗi.

Mai V8 yana da wata dama da mai silinda huɗu ba shi da ita. Idan B1 da B2 duka sun hau tare, da wuya a ce sensa biyu sun mutu rana ɗaya, abin da suka yi tarayya a kai za a nema. Idan ɓangare ɗaya ne kaɗai, a musanya sensocin biyu in kansu iri ɗaya ne. Matsalar ta bi sensa zuwa ɗaya ɓangaren, an kama mai laifi. Ta tsaya inda take, sai a duba hujin salansa gaba da sensar, wanda ke jawo iskar waje, ko fulogin da ba ya ba da wuta, domin silindar da ba ta ƙona mai ba tana tura oksijin ɗinta cikin salansa yadda ta shigo. Fulogin ma shaida ne: in sensa na kukan mai ya yi kaɗan amma fulogi sun yi baƙi ƙirin kuma hayaƙi na warin fetur, ana yaudarar ƙwaƙwalwa ne.

Masu Toyota su yi hattara. Sensar gaba a yawancin Tacoma da Tundra wata iri ce daban, tana zama wajen volt 3.3 ba tare da hawa da sauka ba, kuma idan mai ya yi kaɗan sama take yi. Wanda ya auna ta da ma'aunin waccan mai hawa da sauka zai yanke wa lafiyayya hukuncin mutuwa.

Wasu matsalolin mu muke jawo su da hannunmu. An saba cire tamostat da zarar mota ta iso, wai ƙasarmu da zafi. Injin da aka yi wa haka, musamman a doguwar hanya da asuba, ba ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu ɗumi yake yi ta ci gaba da zuba mai, wani lokaci ta fito da P0128. A ganina duk wanda zai binciki shan mai, layin zafin ruwa ya kamata ya fara dubawa kafin na sensa. Haka motar da aka fasa indominta aka sayar: sensar baya, wadda ya kamata ta zauna kusan wuri ɗaya wajen 0.6 ko 0.7, sai ta koma hawa da sauka kamar ta gaba, P0420 ta fito. Ko sensa nawa aka canza, lambar ba za ta tafi ba.

Sensa na mutuwa, ba a musun wannan. In P0135 ce, a fara da fiyus da wayar da ƙila ta taɓa salansa ta narke, sannan a auna wayoyin ɗumamawa da mita. In layin a yanke yake, sai sabuwa. Idan an kwance tsohuwar a dubi bakinta. Baƙar kunkunniya alamar mai ya daɗe yana yawa ce, farin gari kuma yakan fito daga gam ɗin gasket mai silikon ko ruwan lagireto da ke zurara cikin silinda, kuma muddin ba a toshe wannan ba sabuwar ma haka za ta ƙare. A nemi mai lamba ɗaya da ta asali, mai kan da zai shiga soket ba tare da yanke waya ba. Bayan an ɗaura a goge LTFT ɗin da ƙwaƙwalwa ta koya a kan tsohuwar, a yi tafiya a gari da babbar hanya, sannan a sake jona kwamfuta a ga ko jimillar STFT da LTFT ta dawo ƙasa da 10.