Al'adun ƙasa: biram, abin kiɗan da ya saura a hannun mutum guda

Duk wanda ya taɓa kwana a Belbeji ko Tanut ranar kasuwa ya san kiɗan tsirkiya ba baƙo ba ne a ƙasar Damargu. Akwai gurmi, akwai molo da garaya, akwai goge, a zangon Buzaye kuma akwai anzad wanda mata ke gogawa. Amma yau idan dare ya yi, abin da kunne ya fi ji shi ne gita, ko a hannun samari ko a cikin salula. Wannan ba laifi ba ne. Sai dai ita gita masana'antu ne ke fitar da ita dubu-dubu, alhali kowane gurmi daga hannun mutum ɗaya yake fitowa, kuma awonsa yana cikin kan mutumin, ba a bisa takarda ba. Domin a ga inda wannan hali kan kai abin kiɗa, mun ga ya dace mu kawo muku labarin biram, wanda wani ɗan jaharmu ta Damagaram ya je ya ɗauko daga bakin ɓacewa.

Biram abin kiɗan Buduma ne, masu kiran kansu Yedina, mazauna tsibiran tabkin Cadi, waɗanda sana'arsu su ce da kiwon shanun kuri masu manyan ƙahoni. Wanda ya fara ganinsa ajiye a ƙasa zai ɗauka ƙaramin jirgin ruwa ne. Ana sassaƙa jikinsa da icce, a rarake cikin kamar dogon akushi, a rufe bakin da fata a ja ta sosai. Daga goshin jirgin wata sanda ke tashi a tanƙware kamar baka, tsirkiya biyar kuwa suna saukowa daga sandar zuwa bisa fatar.

A nan ne ya rabu da kayan kiɗan da muka saba da su. A jikin gurmi tsirkiya tana kwance ne tare da sanda, ta hau bisa jaki, makaɗi yana danna ta da yatsun hannu guda domin ya sauya mata murya, yana kaɗawa da ɗaya hannun. Haka molo yake, haka gita take. A biram ba a danna komi. Kowace tsirkiya da muryarta guda, doguwa tana da kauri, gajera tana da zaƙi, saboda haka muryoyi biyar kaɗai makaɗi ke da su, gwanintarsa duka tana cikin yadda yake jera su da yadda yake maimaitawa. A al'ada kuma kiɗan mutum biyu ne: ɗaya yana kaɗa tsirkiya yana waƙa, na biyu yana zaune gefe yana bugun jikin iccen kamar ganga.

Masana sun sa biram cikin dangin kayan kiɗa masu siffar baka, dangi mai tsufa ƙwarai, domin an zana irinsu a bangon kaburburan Masar fiye da shekara 4000 da suka wuce. Yana da ƴan uwa da ake kaɗawa har yanzu: kinde a ƙasar Cadi, kundi wajen Azande na Afirka ta Tsakiya da Kwango, ennanga a Yuganda. Wasu sukan yi gaggawar cewa daga Masar ya taho kai tsaye, amma kama da wane ba wane ba ne. Abin da ido ke iya gani shi ne, jiragen Buduma na gargajiya da ciyawar tabki ake ɗaure su dami bisa dami, goshinsu a ɗage sama, kuma wuyan biram haka yake a ɗage. Masassaƙi ya ba abin kiɗansa siffar abin da yake shiga kowace safiya.

Tun asali biram bai taɓa yawa ba. Buduma suna ɗaukarsa abu mai tsarki, suna danganta shi da kakanninsu da kuma iskan tabki da suke kira Kargila, kuma ba kowa ake bari ya koya ba, sai wanda gwani ya yarda da shi. Abin da aka taƙaita haka, ƙaramin girgiza ya isa ya tsinke masa zare, girgizar da ta zo kuwa ba ƙarama ba ce. A shekara ta 1963 faɗin tabkin Cadi ya kai wajen murabba'in kilomita 25.000, bayan farin 1973 da na 1984, waɗanda Damargu ma ba ta manta da su ba, abin da ya saura bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba, garin Ngigmi kuma ya wayi gari nesa da ruwa. Iyalai suka watsu bin kifi da makiyaya, samari suka nufi birane, radiyo da kaset suka maye gurbin hirar dare. Zuwa farkon shekarun 2000, dattijo guda ne ake ambata a matsayin gwanin biram, sunansa Bukar Tar.

Wanda ya je wurinsa ba Buduma ba ne. Malam Maman Barka ɗan ƙabilar Tubawa ne, an haife shi a ƙarshen shekarun 1950 a Tesker, gundumar da ke gabas da Tanut, wadda ta samu matsayin gunduma a 2011 tare da Belbeji. Malamin makaranta ne kafin ya shahara da kiɗan gurmi da waƙoƙin Hausa, waɗanda aka sani a Nijar da arewacin Nijeriya. A shekara ta 2002, da tallafin hukumar UNESCO, ya bar Yamai ya tafi bakin tabki ya zauna gaban Bukar Tar a matsayin almajiri, shi da jama'a ke tafa wa a dandali. Dattijon ya koya masa kiɗan da waƙoƙin da ke tafiya da shi cikin harshen Buduma, ya kuma danƙa masa biram. Bayan ƴan shekaru Allah ya yi wa Bukar Tar rasuwa.

Daga nan Maman Barka ya ɗauki biram ya fita da shi duniya, tare da abokin tafiyarsa Umaru Adamu mai kiɗan kalangu da duma. A 2008 sun kaɗa a bikin WOMAD na Ingila, a 2009 kuma aka fitar da faifansu mai suna Introducing Mamane Barka. A 2015, saboda hare-haren Boko Haram, hukuma ta kwashe dubban mutane daga tsibiran tabkin, wato ƙasar da biram ya fito. Malam Maman Barka ya rasu a Yamai ranar 21 ga watan Nuwamba 2018.

Turawa ma suna da kayan kiɗan da suka yi ƙaranci, kuma yana da kyau a duba yadda nasu ƙarancin yake. Tsakanin 1932 da 1952 kamfanin Selmer na Faransa ya ƙera wata gita marar lantarki wadda wani Ba'italiye, Mario Maccaferri, ya tsara. A zamanin ba a yawaita na'urar ƙara sauti ba, saboda haka burinsa shi ne gitar ta yi ƙara har a ji ta cikin taron makaɗa. Ya lanƙwasa allon fuskarta kaɗan kamar yadda ake yi wa mandolin a ƙasarsu, ya buɗe mata babban baki mai siffar harafin D, ya sa wani ƙaramin akwati a cikinta. Bayan ya bar kamfanin aka cire akwatin, aka mayar da bakin ƙarami mai siffar ƙwai. A cikin shekara ashirin ɗin nan duka, waɗanda aka ƙera ba su kai 1000 ba. Mai lamba 503 ita ce ta shahararren makaɗi Django Reinhardt, wanda ya rasu a 1953, tana kuma ajiye a gidan tarihin kiɗa na birnin Paris.

To, ga inda bambancin yake. Kowace gitar Selmer tana da lamba, an rubuta ta a rajistar kamfani, an auna tsawonta da kaurin allonta an zana bisa takarda. Shi ya sa, ko da yake an daina ƙera ta tun 1952, masu sana'a a ƙasashe da dama suna yin irinta har gobe, ɗalibi kuma yana iya saye ya koya. Tsohuwar ce ta yi tsada, ilimin bai ɓata ba. Shi kuwa biram, faifai ya riƙe mana muryarsa, amma faifai ba ya faɗin wane icce ake sara, ko kwana nawa ake jiƙa fata, ko yadda ake ɗaure tsirkiya har ta tsaya a muryarta.

Gurmi da garaya ba su kai wannan hali ba tukuna a Damargu, amma alamun da aka gani a tabki ana ganinsu a kwarin Tarka: manyan itatuwa sun ragu, zaren nailan ya maye gurbin tsirkiyar da, masu haɗa kayan kuma yawancinsu dattawa ne. Anzad kam tun 2013 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya, da sunan Nijar da Mali da Aljeriya, sai dai shiga jeri ba ya haifar da magoga.

A ganinmu wannan aiki ne da ya dace da waɗanda suka sauke karatun yaƙi da jahilci, domin su ne ke zaune gari ɗaya da masu sana'ar, harshensu ɗaya, kuma ba sa bukatar mota ko tafinta. Littafin rubutu da alƙalami da igiyar awo sun isa. A zauna da mai haɗa gurmi a rubuta sunan kowane sashe yadda shi yake faɗinsa, faɗin ƙwarya da tsawon sanda da santimita, irin fatar da lokacin da ake ɗora ta, da sunan wanda ya koya masa. Magadan gari da jami'an al'adu na Belbeji da Tanut su kuma su tattara littattafan, a ajiye kwafi ɗaya a gunduma, a aika ɗaya cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya da ke Yamai, inda ake adana kayan kiɗan gargajiya na ƙasa.