Dafin da ke Ɓuya cikin Abinci

Kowa ya san dafin maciji da na kunama. Amma akwai wani dafi da ya fi su ƙarfi nesa ba kusa ba. Mai yin sa kuwa wata 'yar ƙwayar cuta ce, wadda ba a ganinta sai da madubin likita. Ɗan hakin da ka raina shi kan tsone maka ido. Ciwon da dafin nan ke kawowa likitoci suna ce da shi botulizim. Bari mu ji yadda aka gano asirinsa, don mu san yadda za mu tsere masa.

Likitan Jamus

Mutanen Jamus suna da wani irin abinci. Sukan daddatsa nama su ɗura shi cikin hanji, su yi masa banda, su ajiye. A zamanin da, mutane da yawa sun mutu bayan sun ci wanda ya lalace. Sai wani likita mai suna Justinus Kerner ya dinga bin labarinsu. Cikin shekara ta 1822 ya buga littafi mai bayanin mutum 155 da ciwon ya kama. Ya lura hankalinsu yana nan, in an taɓa su suna ji, sai dai jiki ya ƙi motsi. Ya gane dafi ne, amma bai san mai yin sa ba. Sunan abincin nan da Latin botulus, daga nan ciwon ya sami suna.

Makaɗan Beljiyam

Cikin watan Disamba na 1895, a wani ƙauye na Beljiyam mai suna Ellezelles, makaɗa 34 suka ci abinci tare bayan wata jana'iza. Abincin cinyar alade ce da aka jiƙa cikin ruwan gishiri. Da yawa suka kwanta, uku suka mutu. Aka aika da sauran naman wurin wani malamin jami'ar Gent, sunansa Emile van Ermengem.

Malamin nan ya duba da madubi, ya ga wata ƙwaya mai kama da guntun sanda. Ya yi ta bincike har ya tabbata ita ce mai fid da dafin. Ya kuma gano ba ta yaɗuwa inda iska ke shiga. Ashe cinyar da ta yi ɓarnar ita ce ta gindin tukunya, wadda ruwa ya rufe. Ya buga sakamakon aikinsa cikin 1897.

Halin ƙwayar

Ƙwayar nan tana zaune cikin ƙasa da taɓon tafki, ko'ina a duniya. Halinta kamar na gaiwa ne. Mun san in tafki ya ƙafe gaiwa takan shige laka ta kwanta sai ruwa ya dawo. Haka ita ma, in wuri bai yi mata ba, sai ta yi ɓawo mai tauri ta kwanta shekara da shekaru. Tana kwance ba ta yin dafi. Amma in ta sami abinci mai damshi da ɗumi, ba iska, ba tsami, gishiri kuma bai isa ba, sai ta farka ta yi ta haihuwa tana zuba dafi. Rufaffen gwangwani ko kwalba kuwa ɗakinta ke nan.

Cikin 1919 zaitun na cikin kwalba ya kashe mutane a Amurka. Masu sana'ar abincin gwangwani suka nemi taimakon masana. Cikin 1922 Karl Meyer da abokin aikinsa Esty suka nuna irin zafin da ke kashe ƙwayar. Ruwa yana tafasa a awo 100 na ma'aunin zafi, ita kuwa mai ɓawo tana jure wa tafasa har awoyi. Don haka yanzu masana'antu suke dafa gwangwani cikin rufaffiyar tukunyar ƙarfe mai tururi, zafi ya kai awo 121, aƙalla minti 3.

To, ga abin da za mu riƙe. Ƙwayar ce ke jure wa wuta, amma dafin ba ya jurewa. Tafasa ta minti 10 tana lalata shi.

Yadda dafin ke aiki

In muna so mu ɗaga hannu, ƙwaƙwalwa ce ke aika saƙo ta jijiya zuwa tsoka. Tsakanin bakin jijiya da tsoka akwai ɗan rata, kamar kogi. Wani ɗan ruwa da jijiya ke fitarwa shi ne mai fiton saƙon. Cikin 1949 masana a Ingila suka nuna dafin nan hana fito yake yi. Saƙo ya zo bakin kogi ya tsaya, tsoka tana can tana jira.

Alamu sukan fara bayan awa 12 zuwa 36. Mutum ya riƙa ganin abu ɗaya biyu, fatar ido ta sauko, baki ya bushe, magana da haɗiya su yi wuya. Yawanci ba zazzaɓi. Daga nan kasala ta sauko wuya da hannuwa. In ta kai ƙirji numfashi ya tsaya. A asibiti akwai allurar makari, amma dafin da ke yawo cikin jini kaɗai take kamawa, ba ta kwance wanda ya riga ya kama jijiya. Shi ya sa jinkiri ke da haɗari.

Shanu da jarirai

Ba mutum kaɗai ciwon ke kamawa ba. A Afirka ta Kudu shanu sun daɗe suna shanyewa suna mutuwa. Wajen 1919 likitan dabbobi Arnold Theiler ya gano dalili. Ciyawar wurin ba ta da isasshen wani sinadari mai gina ƙashi, sai shanu su riƙa gwaguyar ƙasusuwan mushe, dafin kuwa yana ciki.

Cikin 1976 kuma likitoci a Amurka suka gane ƙwayar tana iya farkawa cikin hanjin jariri, ko da yake babba da wuya ta yi masa haka. Wani lokaci akan same ta cikin zuma.

Abin da za mu kiyaye

1. Gwangwanin da ya kumbura, ko yana yoyo, ko ya fesa ruwa da aka buɗe, mu binne shi. Kada mu ɗanɗana, kada mu ba kaji.
2. Kada mu dogara ga hanci, domin dafin kansa ba shi da wari ko ɗanɗano.
3. Nama, kifi ko ganye da aka ajiye a rufe da damshi, mu tafasa shi minti 10 kafin mu ci.
4. Kada mu ba jariri zuma sai ya cika shekara ɗaya.
5. Mushe a makiyaya, mu ƙone shi ko mu binne da zurfi.
6. Wanda ya nuna alamun nan, mu kai shi asibiti nan da nan, tare da waɗanda suka ci kwano ɗaya da shi, mu riƙe sauran abincin likita ya gani.

Ciwon ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, saboda haka mai jiyya kada ya ji tsoro.